Tashar fiton garinmu: gadon Sarkin Ruwa ce, ko ta jama'a?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ina rubuto maka ne daga wani ƙauye da ke bakin kogin Haɗeja a Jihar Jigawa, kuma ina roƙon a sakaya sunana da na garinmu, domin maganar ta shafi 'yan'uwa na jini. Muna da tashar fito, inda kwale-kwale ke ɗaukar mutane da kaya zuwa tsallake, kuma a nan masunta ke sauke kifinsu. Tun zamanin kakanni gidan Sarkin Ruwa ne ke riƙe da wurin. Shi ke tsara layin jirage, shi ke cewa yau ruwa ba ya shiguwa, kuma ana ba shi wani abu daga kowane sawu. A da abin bai taka kara ya karya ba, saboda haka babu wanda ya damu. Amma tun bayan ambaliyar 2022, da ruwa ya cinye hanyar da muke bi zuwa kasuwa, fito ya zama sana'ar da ta fi kowace kawo kuɗi a garin, har babura da buhunan shinkafa da dabbobi ake tsallakarwa.

Yanzu mun rabu gida uku. Gidan Sarkin Ruwa sun ce gado ne, babu mai tambayar su lissafi. Mu matasa mun ce a miƙa wa ƙungiyarmu tashar, domin kuɗi na shiga amma ko rumfa ba a kafa ba, gaɓar kuma kullum zaizayewa take yi. Ana cikin haka sai ga wani mutum ya zo da takarda, ya ce an ba shi kwangilar karɓar haraji a wurin. Ni ne sakataren ƙungiyar matasa, Sarkin Ruwa kuma kawuna ne, yayan mahaifiyata, kuma tun da aka fara wannan magana mahaifiyata ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska. Malam, wane ne ke da gaskiya, kuma wa ya kamata ya riƙe tashar?

Daga wani mai karatu, Jihar Jigawa.

AMSA

Wa'alaikumus salam, Malam. Na karanta wasiƙarka fiye da sau ɗaya, kuma abin da na fara lura da shi shi ne cewa kowane ɓangare a cikinku yana cewa "tashar", alhali ba abu ɗaya kuke nufi ba. Kawunka yana maganar iko a bakin ruwa, wato wa zai ce a shiga, wa zai ce a dakata. Ku matasa kuna maganar jakar kuɗi. Mai takarda kuwa yana maganar haƙƙin hukuma. Muddin kuka ci gaba da ɗaure waɗannan abubuwa a dami ɗaya kuna ja, kowa zai ga kamar ana son a raba shi da komai ne, kuma wanda yake ganin za a raba shi da komai ba ya sauraron hujja.

Bari mu fara da mai takarda, domin tasa ta fi sauƙi. Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a Jadawali na Huɗu inda aka lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci kwale-kwale da sunansa: bayar da lasisin kekuna da amalanke da baro da kwale-kwale aikin ƙaramar hukuma ne, haka nan kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su. Saboda haka kada matasanku su kore shi da ihu a kan cewa hukuma ba ta da hurumi a bakin ruwa, domin tana da shi. Sai dai hurumin hukuma daban, gaskiyar takardar da ke hannun mutum daban. Ku karɓi kwafinta cikin mutunci, dagaci ya haɗa ku da mutum biyu ku je sakatariya, ku tambayi sashen tara kuɗin shiga abubuwa kaɗan: shin su suka bayar da ita, wane kuɗi takamaimai aka ce ya karɓa, nawa ne, a kan jirgi ne ko a kan kaya, kuma da wane rasit. Idan ta tabbata, to ku biya abin da aka rubuta, ku karɓi rasit, kada ku ƙara ko kwabo. Idan kuwa ba ta tabbata ba, ba ku ne za ku hukunta shi ba, masu hatimin da aka yi amfani da sunansu su ne za su bi shi. Ko ta tabbata ma, kwangilar karɓar haraji ba ta mayar da mutum shugaban tasha. Wanda bai san inda rami yake a cikin kogi ba, ba shi da ta cewa a kan yawan mutanen da jirgi zai ɗauka.

Akwai kuma hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, NIWA, wadda aka kafa da doka a 1997, hedkwatarta tana Lokoja. A watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da aka daɗe ana yi tsakanin hukumar da gwamnatin Legas, ta tabbatar wa tarayya ikon lasisi da karɓar kuɗi a hanyoyin ruwan da doka ta ayyana a matsayin nata. Na kawo wannan ne domin ku ga cewa tambayar "ruwan na wane ne" ta kai gwamnatoci har Kotun Ƙoli, kuma sun shafe shekaru kafin a raba su. Ƙauyenku ba shi da waɗannan shekarun, ba shi kuma da kuɗin lauya. Abin da ya fi shafarku daga wannan hukuma shi ne ƙa'idojin da take nanatawa kullum: kada a yi lodin da ya wuce ƙima, kada a yi tafiyar dare, kowane fasinja ya sa rigar kariya daga nutsewa.

Yanzu sai maganar kawunka, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a nan nake ganin ƙungiyarku ta fi kusa da yin kuskure.

Sarautar ruwa ba ado ba ce. A ƙasar Hausa, kamar yadda ake da Sarkin Noma da Sarkin Fawa da Sarkin Maƙera, haka ake da Sarkin Ruwa a garuruwan bakin kogi, kuma asalin sarautar aiki ne kafin ta zama rawani. Shi ne ake tasa da tsakar dare idan wani ya faɗa ruwa, shi da yaransa ke nutso su nemo gawa, shi ya san inda ruwa ke juyi, ya san gaɓar da ta rube daga ƙasa ko da samanta yana kama da tudu, ya san bambancin ruwan da ya ƙaru saboda an yi sama a kusa da wanda ya ƙaru saboda an sako shi daga yamma. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin ilimi ba ne a koginku. Kogin Haɗeja ruwan kogin Kano ne da na Challawa suka haɗu, ya biyo ta Wudil da Ringim ya iso gare ku, kuma tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, hawansa da saukarsa ba damina kaɗai ke tsara su ba. Ruwan da a da yake janyewa da rani har a taka a ƙafa, yanzu a wurare da yawa yana kwance shekara zagaye, kuma wannan ne ya ba ciyawar kacala damar mamaye hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗeja har zuwa Nguru, ta toshe wata hanya, ta tura ruwa ya fasa wata. Mutumin da ya shekara arba'in yana kallon wannan sauyi da idonsa yana da abin da babu kwamitin da zai iya zaɓen wani ya ba shi.

Ka tambayi 'yan ƙungiyarku tambaya ɗaya a taronku na gaba: ranar kasuwa da yamma, hadari ya haɗo, mutane sun cika gaɓa kowa yana son ya koma gida, matuƙi kuma yana ganin kuɗin sawu biyu a sawu ɗaya, wane ne a cikinku zai ce a sauke mutum goma kuma a sauke su? Shugaban matasa abokin matuƙin ne, tare suke hira da daddare, wataƙila ma shi ya ranta masa kuɗin gyaran jirgi. Dattijon da kowa ke jin nauyinsa ne kaɗai zai faɗi wannan magana ta zauna. Mutanen Kano ba su manta da ranar 30 ga Nuwamban 2021 ba, lokacin da jirgi ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai a ruwan madatsar Watari, ɗauke da ɗaliban Islamiyya da za su halarci Maulidi, ya kife da su, fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu yara ƙanana. Lodin da ya wuce ƙarfin jirgin aka ɗora wa alhakin. Bayan haka gwamnatin jihar ta dakatar da jigilar fasinja a ruwan, wato cikin ɗan lokaci iyaye suka rasa 'ya'ya, masu jirage suka rasa sana'a, kuma babu wanda ya sake tambayar wa ke karɓar kuɗin tasha. Allah Ya jiƙansu, Ya kiyaye na gaba.

To amma duk wannan bai ba gidan Sarkin Ruwa gaskiya a kan cewa babu mai tambayar su lissafi ba. Abin da suka gada shi ne aiki da girman da ke tare da shi, ba kogin suka gada ba. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya nuna Musulmi suna tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, kuma kowane malamin garinku ya san shi. Ta fuskar dokar ƙasa ma, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a filayen karkara. Saboda haka ko gaɓar da jirage ke tsayawa a kai, idan har akwai mai da'awar tasa ce, sai ya nuna tasa ce ta hanyar da ake tabbatar da kowace gona, da shaidar maƙwabta da ta dagaci, ba da sarauta ba. Abin da ake ba Sarkin Ruwa daga kowane sawu ladan aiki ne, kuma Hausawa sun riga sun yanke wannan hukunci da cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Lokacin da ladan yake ɗan kifi da 'yan sulalla, askin ma ɗan kaɗan ne. Yanzu da ladan ya zama kuɗin tsallakar da babura da buhuna, askin ya haɗa da cike gaɓa, da rumfar da mata masu goyo za su fake, da igiya, da fitila, da rigunan kariya. Idan ba a yi waɗannan ba, jama'a suna da ikon su tambaya, kuma tambayar ba rashin kunya ba ce.

Wani abu a gefe, wanda zai yi wa malamanku amfani idan magana ta zo gabansu. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an faɗi cewa mai jirgi ba shi da kuɗin haya sai ya isar, kuma babu lamuni a kansa idan kaya suka salwanta. Masu jirage suna son rabin maganar na biyu ƙwarai, amma malaman da suka yi sharhi sun ɗaure shi da sharaɗin cewa ba a yi sakaci ko wuce iyaka ba. Wanda ya ɗora wa jirgi abin da ya san ba zai ɗauka ba, ko ya shiga ruwa bayan an ce kada a shiga, ya fita daga wannan rangwame. Wannan ya ƙara nuna muhimmancin a sami mutum ɗaya sananne wanda maganarsa ce iyaka, domin ta haka ne ake gane wanda ya ƙetare ta.

Ga abin da nake ba ku shawara. Ku bar wa Sarkin Ruwa bakin ruwa gaba ɗaya, kuma ku faɗa a bainar jama'a cewa kun bar masa: layin jirage, yawan lodi, lokacin buɗewa da rufewa, da ikon dakatar da matuƙin da ya saɓa. A kowane jirgi a ja layin fenti a jikinsa a gaban Sarkin Ruwa, yadda ko yaro zai ga idan ruwa ya haura layin, a kuma rubuta adadin mutanen da yake ɗauka. Kuɗi kuwa ya fita daga aljihun mutum ɗaya, ko wane ne shi, har da ma'ajin ƙungiyarku. A kafa ƙaramin kwamiti wanda bai wuce a zauna a tabarma ɗaya ba, da wakilin gidan Sarkin Ruwa, da na masu jirage, da na masunta, da na matasa, da wakiliyar matan da ke sayen kifi suna banda, domin su ne suka fi kowa zama a wurin kuma su ne ba a taɓa tambaya. A yanke kason Sarkin Ruwa a fili, kaso mai mutunci wanda ba zai ji an mayar da shi ɗan aike ba, a ware na hukuma bisa rasit, saura ya shiga asusu mai sa hannun mutum uku. Idan kuka yi rajista a matsayin ƙungiyar gama-kai a jiha, buɗe asusun banki zai zo muku da sauƙi, kuma ko taimako gwamnati ko wata ƙungiya za ta kawo, ta san hannun da za ta damƙa wa. A riƙa karanta lissafi sau ɗaya a wata a ƙofar gidan dagaci bayan sallar Juma'a. A rubuta duk wannan a takarda ɗaya da Hausa, dagaci da liman su sa hannu, a kai wa hakimi kwafi, a kai wani sakatariya.

Na san wasu daga cikin matasanku za su ce wannan bai kai abin da suka nema ba. Gaskiya ne, bai kai ba. Amma ka duba da kyau, rumfa da gyaran gaɓa kuka ce kuna so, kuma wannan tsari yana kawo su. Wanda ya ƙi shi ya nace sai an ba ƙungiya jakar kuɗin ita kaɗai, to ka sa masa ido, domin mai yiwuwa ba rumfar ce ta dame shi ba.

Saura maganar gida. Kada kawunka ya fara jin wannan shawara a bakin taro, kuma kada ya ji ta daga bakinka kana riƙe da littafin sakatare. Ka je gidansa da daddare a matsayin ɗan ƙanwarsa, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Kawu, na zo ne a kan maganar bakin ruwa, ina so ka ji ta daga gare ni kafin kowa." Ka fara da abin da za a bar masa kafin ka ambaci abin da za a nema daga gare shi. Idan akwai kalmar da ta fita daga bakin wani ɗan ƙungiyarku wadda ta taɓa mutuncinsa, musamman idan an ambaci sata ko cin amana, ka ba shi haƙuri a kanta ko ba kai ka faɗa ba. In da hali, ka roƙi liman ko wani dattijo sa'ansa ya zama shi zai gabatar da tsarin a gaban dagaci, yadda kawunka zai karɓe shi a matsayin shawarar manya, ba sharaɗin yara ba. Mahaifiyarka kuwa, ka gaya mata da kanka cewa ka je ka gaishe da yayanta, tun kafin ta ji a wani wuri. Kuma ku yi ƙoƙari ku gama wannan kafin ruwa ya hau a watan Agusta, domin a lokacin ne fito ke yawa, kuɗi ke yawa, zukata kuma ke zafi.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni mai sayen kifi ce a wani ƙauye da ke gefen madatsar Tiga. Inda masunta ke sauke mana kifi, mutanen unguwa biyu ne ke jayayya a kansa, kowace ta ce a ƙasarta yake, har an fara karɓar kuɗin kwando sau biyu. Mu da muke tsakiya, wa za mu biya?

Daga wata mai karatu, Jihar Kano.

AMSA

Hajiya, barka kadai. Taku ta ɗan bambanta da ta sama, domin tafkin Tiga ba kogin da aka gada ba ne, ruwa ne da gwamnati ta tare, kuma madatsar tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ofishinta yana Kano. Bakin ruwan da ake jayayya a kansa yana matsawa da hawan ruwa da saukarsa, wurin da yake tasha da kaka yana iya zama gonar rani bayan wata uku, saboda haka da'awar iyakar unguwa a irin wannan gaɓa ba ta da ƙarfin da masu yin ta suke zato. Harkar kamun kifi a koguna da tafkunan cikin ƙasa kuma Kundin Tsarin Mulki bai sa ta cikin abubuwan da tarayya ta keɓe wa kanta ba, jiha ce ke tsara ta.

Kada ku zaɓi ɓangare, domin duk wanda kuka biya, ɗayan zai ɗauke ku abokan gaba, ku kuwa kifi kuka zo saye. Ku haɗu ku masu saye, ku je wurin dagaci tare da shugaban masunta, ku ce a shirye kuke ku biya kuɗin kwando sau ɗaya, ga mutum ɗaya, da rasit, masu unguwannin biyu su raba a tsakaninsu yadda manya suka ga dama. Idan unguwannin ba dagaci ɗaya ke riƙe da su ba, to maganar ta hakimi ce, kuma dagacinku ne zai kai ku. Kafin ranar, kowace a cikinku ta riƙa rubuta abin da aka karɓa a hannunta, da ranar, da ɓangaren da ya karɓa, ko ta sa ɗanta ɗan makaranta ya rubuta mata, ku tafi da takardun a hannu.